Babu Ni a Rajista

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na sauka ofishin ƙaramar hukuma neman tallafin marasa ƙarfi da na itacen hunturu. Maƙwabciyata Veta ce ta tura ni. Ita ce kuma ta ba ni wannan littafin, ragowar na jikarta, ta ce in riƙa rubuta duk abin da aka gaya mini don kada a juya mini magana daga baya.

Doamna Rodica, ma'aikaciyar ofishin, na tarar a kan tebur. Ta san ni sarai. Cukun da ta yi shekara ashirin tana saye a gidan Gavril, hannuna ne ya matse shi.

"Tanti Anisia, kawo katin shaidarki."

"Ba ni da shi."

"Ɓata ya yi?"

"Ba a taɓa yi mini ba."

"Takardar haihuwa fa?"

"Ita ma haka."

Ta buga sunana a na'ura, ta juyo mini da fuskarta in gani. Fari fat. Ta ce, "Kin ga, a nan babu ke. Ba a haife ki ba tukuna." Na ce to wace ce wannan da ke tsaye a gabanki ƙugu na ciwo? Ta yi dariya, sai kuma kunya ta kama ta.

Ta ce ba tallafi sai da kati, ba kati sai da takardar haihuwa, ba takardar haihuwa sai an sami babban mutum da ya san uwata ya sa hannu cewa ita ta haife ni. Mutum ɗaya ya rage a kwarin nan da ya san Saveta. Lele Floare, matar marigayi Gavril.

Talata, 8 ga Oktoba, da safe

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda na'ura ba ta sani ba.

A garken tumakin Gavril aka haife ni, can kan dutse. Uwata mai tatsar nono ce a wurin. Ta rasu ina da kamar shekara shida, aka sauko da ni gidan. Ba wanda ya sa ni makaranta, matar tsohon Fada, limamin cocinmu, ce ta koya mini karatu da littafin addu'a. Shekara arba'in da shida na yi a gidan nan. Ni na goyi ɗansu Octavian. Ni nake juya Lele Floare a gado tun da ƙafafunta suka mutu.

Gavril ya rasu a watan Mayu. Octavian ya dawo daga ƙasar Sifen da farar mota, ya ce zai mai da gidan masaukin baƙi. A watan Agusta ya ce ɗakina zai zama banɗaki. Ya sa kayana a buhu biyu, ya ce, "Anisia, ba korar ki nake yi ba, huta kawai za ki yi." Yanzu ina hutawa a ɗakin girkin rani na Veta, mai bangon katako.

Ba na son komai nasu. Sa hannu ɗaya kawai.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na je wurin Fada Grigore ko akwai sunana a littafin baftisma. Ya duba shekaru biyar a jere. Babu. Ya ce Allah ya san ni. Na ce Allah ba ya raba itace.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Doamna Rodica ta yi kirki, ta hau da ni gidan da kanta da takarda a jaka, tunda tsohuwar ba ta iya sauka.

Sun canza ƙofa. Sun sare babban itacen da ke tsakar gida. Octavian ya tsaya a bakin ɗakin uwarsa, hannu a aljihu.

Tana kwance a gefen da na san ba ta iya jurewa fiye da awa ɗaya. Na matsa zan gyara mata matashi, ya ce, "Bar shi, akwai mai yi."

Doamna Rodica ta ce, "Lele Floare, kin san wannan matar?"

"Mai aikinmu ce."

"Kin san uwarta, Saveta, da ta yi tatsa a garkenku?"

Ta kalli ɗanta. Ta kalli silin. Ni ba ta kalle ni ba.

"Ban san ta ba. Mata nawa suka yi tatsa a can. Yarinya ce muka tsinta, muka ciyar da ita saboda Allah."

Na ce, "Lele, ke kika ba da zanen da aka naɗe gawarta."

"Ban san ta ba."

Octavian ya ce uwarsa ta gaji. A kan hanya Doamna Rodica ta yi ta ba ni haƙuri. Ina tsoron abin da zai fito idan na buɗe baki.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Ban san ta ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, da rana

Ban san ta ba. Shekara bakwai ina ɗauke mata fo. Na san kowane lungu na jikinta, na san inda fatarta ke saɓulewa. Ita ba ta san uwata ba.

Allah ya sa ta daɗe. Kada ya ɗauke ta da wuri. Ta daɗe a gefen nan na hagu.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Raɓa ta fara daskarewa da safe. Veta ta kawo mini tuwon masara da madara, ta zauna ta ci tare da ni.

Ta ce, "Ke ma kin san abin da suke tsoro. Duk kwarin nan ya sani."

Na ce ban tambaye ta ba.

"Idan aka fara rubuta sunan uwa, za a tambayi na uba."

Na ce ta ci tuwonta.

Akwai bututun ruwa da ya bi ta bayan rumbu ya shiga gidan. Duk shekara kafin ƙarshen Oktoba sai an rufe shi daga rijiya an tsiyaye ruwan, in ba haka ba sanyi ya fasa shi a cikin bango. Mutum biyu suka san wurin murfin. Ɗaya yana kabari. Octavian ya shimfiɗa sabon katako a ɗakuna huɗu a kan wannan bangon. Jiya na haɗu da shi a bakin shago, ya gaishe ni, na amsa. Na tambaye shi aikin gida, ya ce lafiya lau. Na ce madalla.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Doamna Rodica ta haɗa ni da wani lauya da ke zuwa ranar Alhamis yana duba lamarin talakawa kyauta. Sunansa Sabin. Siriri ne, yana ta tari. Ya saurare ni har ƙarshe, bai kalli agogo ba.

Ya ce hanya biyu ce. Ko tsohuwar ta sa hannu, a rubuta uwa Saveta, uba ba a sani ba, a gama cikin sati uku in sami itacena. Ko kuma a je kotu a nemi gwajin jini da wani ɗan'uwa na jini mai rai, wannan kuwa zai kai mu tsakiyar hunturu ko ya wuce.

"Kina da ɗan'uwa na jini, tanti?"

Na kalli takalmina.

Ya ajiye biro. "Zan tambaye ki kai tsaye, ki yafe mini. Gavril mahaifinki ne?"

Ba zan rubuta abin da na ce ba. Ban taɓa faɗarsa da baki ba sai yau, kuma na ji kamar na cire riga a kasuwa.

Ya ce in sani, idan kotu ta tabbatar, rabin gidan da rabin filin kiwon nawa ne. Na ce ni itace na zo nema. Ya ce in yi tunani.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan coci

Gavril bai taɓa kira na 'yarsa ba. Sau ɗaya, ina da shekara goma sha biyu, ya dawo daga kasuwa ya ajiye jan ɗankwali a kan gadona. Washegari na gan shi a kan Lele Floare.

Ba na son in tuna wannan. Ina son in tuna silin ɗin da ta kalla.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Ruwan bokiti ya daskare a cikin ɗaki. Ina kwana da rigunana duka. Ina jira.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Bututun ya fashe.

Veta ce ta shigo da gudu, wai ruwa na fitowa ta ƙarƙashin sabuwar ƙofar har kan titi. Katakon ɗakuna huɗu ya kumbura ya tashi kamar burodi. Na ɗauki sandata na hau har bakin shinge. Octavian yana tsakar gida da wando a naɗe yana zagin masu aiki.

Ya hango ni. "Anisia, ina ake rufe ruwan nan?"

Na ce, "Ban sani ba, Tavi. Ni yarinya ce da aka tsinta."

Na tsaya kallo har ƙuguna ya hana ni. Na dawo na ci abinci da daɗi, karo na farko tun Agusta.

Veta ta ce ba kyau. Ta faɗa tana dariya.

Talata, 5 ga Nuwamba, da yamma

Daɗin bai wuce kwana biyu ba. Katako ne kawai. Zai sayi wani.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Matar da suka ɗauka ta kula da tsohuwar ta gudu. Ta biyu ke nan. Veta ta ce ta shiga gaishe ta, wari ya koro ta. Bayanta ya buɗe.

Na ce Allah ya ƙara.

Veta ta ce, "Ke Anisia, ji bakinki."

Na ce ta ji nata ita ma, ranar sha shida ga Oktoba ba ta wurin.

Da man alade da furen rawaya ake haɗa maganin, a juya ta duk awa biyu. Ba wanda zai gaya musu.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da safe

Lele Floare ta aiko a kira ni. Ban je ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da safe

Ta sake aikowa. Ban je ba. Dusar ƙanƙara ta fara sauka. Ina tari kamar lauya.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Fada Grigore ya zo da kansa, ya ce ba don ita ba, don shi. Na je.

Jikinta ya ƙare. Fuskar ta zama kamar ta tsuntsu. Ta kori ɗanta da Fada, ta ce a rufe ƙofa.

"Kin rame," in ji ta.

"Ba ni da itace."

"Kira Rodica gobe. Zan sa hannu. Saveta ta haife ki a garke, ranar da aka sauko da tumaki, ni na yanke cibiyar." Ta huta. "Amma ki ɗauko hoton Maryamu a bango ki rantse ba za ki taɓa sa sunansa ba. Ki bar wa Tavi gidansa."

Da a watan Oktoba ta faɗi haka, da na sumbaci hannunta.

Na ce, "Ashe kin san ta."

Ta kalli silin.

"Ba kowa a ɗakin nan, Lele. Faɗa mini ni kaɗai. 'Yar wa ce ni?"

Ta daɗe tana numfashi. Sannan ta ce, "Tafiyarsa kika ɗauko. Shekara bakwai ina kwance ina kallon tafiyarsa tana fita da fona. Kina tsammani ke kaɗai aka yi wa horo a gidan nan?"

Ban san lokacin da na yaye bargon ba. Hannuna ne ya yi, ba ni ba. Na ɗumama ruwa, na wanke ta, na canza zanen, na juya ta dama. Ba ta da nauyin ɗan rago. Ta yi ajiyar zuciya irin wadda na sani.

"Za ki rantse?"

Na ce zan yi tunani.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da rana

Veta ta yi mini faɗa sosai.

"Ki rantse mana, 'yar'uwa. Ki karɓi katinki, ki karɓi itacenki, ki je asibiti a duba ƙugun nan. Me za ki yi da rabin gida a shekarunki? Za ki mutu a ɗakin girkina don ki ba tsohuwa haushi?"

Na ce zan rantse. Amma ba yau ba. Ta kwana uku tana jira tukuna, ta ji yadda jira yake. Ni wata ɗaya na yi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da yamma

Kwana ɗaya.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da yamma

Kwana biyu. Ta aiko tana tambaya. Na ce ina tunani.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Ƙararrawar coci tana bugawa, bugun da ake yi idan mace ta rasu.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na riga na sa takalmi lokacin da ta fara bugawa. Ina so a san wannan. Yau ne na ce zan je.

Ban yi kuka ba. Ita ce ba ta iya jira ba. Ta tafi da sa hannunta kamar yadda ta tafi da komai.

Veta ba ta ce mini komai ba. Da ma ta zage ni.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

An binne ta.

Da safe na fara zuwa wurin lauya Sabin. Na ce shaida ta mutu, ya shigar da ƙara. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe.

A coci, jinin gida ke tsayawa a gaba kusa da akwati, kowa da kyandir ɗaure da tawul. Sauran jama'a a baya. Shekara da shekaru wurina yana can bakin ƙofa, kusa da tsintsiya. Yau na ratsa mutane da sandata, na ɗauki kyandir mai tawul daga kwando, na tsaya a gefen Octavian.

Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Me kike yi?"

"Ina binne matar ubana."

Ban ɗaga murya ba, amma coci ƙarama ce. Fada ya yi tuntuɓe a karatunsa ya ci gaba. Ba wanda ya ja ni baya. Ba ma wanda ya yi mamaki, wannan ne ya fi ƙona ni. Duk sun sani. Suna sayen cukuna suna sani.

A wurin cin abincin mamaci na zauna a babban tebur. Naman da aka naɗe a ganyen kabeji ya yi gishiri.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da safe

Ba na barci sosai. Ba saboda ita ba. Sanyi ne.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da rana

Ranar da na je wurin Lele, na juya ta dama. Ko wani ya sake juya ta bayan nan, ban sani ba. Ba ruwana.

Talata, 3 ga Disamba, ƙarfe uku na rana

Sammaci ya kai masa. Mai kai wasiƙu ya biyo ta nan musamman don ya gaya mini. Ya ce Octavian ya karanta a tsaye, sannan ya zauna a kan matakala.

Doamna Rodica ta aiko mini da amalanken itace. Ta ce ba daga ofis ba ne, daga gidan surukinta ne, kada in gaya wa kowa. Na hura wuta har bangon ya yi gumi.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Mun je kotu a birni, da bas ɗin safe. Mai gadin ƙofa ya ce in nuna kati. Lauya ya ce, "Shi muka zo nema." Sai da aka kira wani daga sama kafin a bar ni in shiga.

Alƙaliyar mace ce, ba ta kai Octavian shekaru ba. Ta tambayi shekaruna, na ce hamsin da biyu ko da uku. Ta tambaya yadda na yi na je asibiti duk rayuwata. Na ce ban taɓa zuwa ba. Ta cire tabarau ta dube ni.

Lauyan Octavian ya ce ni mai aiki ce mai kwaɗayin gado. Alƙaliya ta ce idan haka ne gwaji zai wanke wanda yake karewa, me ake tsoro? Ta sa ranar Talata mai zuwa a yi gwajin.

Litinin, 16 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Octavian ya zo. Ya tsaya a bakin ɗakin girkin, sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Ya kalli gadon, ya kalli bangon katakon da na toshe da jarida.

"A nan kike kwana?"

"A nan nake hutawa."

Ya zauna a kan kujerar tatsa. Ya tsufa cikin wata ɗaya.

"Anisia, ki janye. Ki dawo gida. Zan ba ki ɗakin Mama, mai murhu. Zan je da kaina in sa hannu cewa na ji daga bakinta Saveta ce ta haife ki. Lauyana ya ce zai iya wucewa. Ki sami katinki kafin Kirsimeti."

"Uba fa?"

"Ki bar matattu su kwanta."

Na tambaye shi yaushe ya sani. Ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya ji su suna faɗa.

"Ka sani ranar da ka sa kayana a buhu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka sani kana tsaye a bakin ƙofa tana cewa tsinto ni aka yi?"

"Na ci bashin rai a kan gidan nan, Anisia. Shekara goma sha takwas ina ɗaukar bulo a ƙasar wasu."

Na ce ni arba'in da shida na yi, a ƙasar ubana.

Ya rufe fuska da hannu. Na ga bayan wuyansa, inda nake goge masa da tsumma idan ya dawo daga wasa.

Ya ce, "Ke kika goye ni."

Na ce, "Ƙanena na goya. Gobe za a rubuta."

Ya tashi ya tafi, bai rufe ƙofa ba.

Veta ta ce ɗaki mai murhu na ƙi, kuma watakila sai bazara kafin in ga tallafin. Na sani. Na goge takalmina, na wanke ɗankwali.

Ƙarfe tara za a ɗebi jininmu. Tun yana ƙarami Tavi ke suma idan ya ga allura. Duk lokacin da malamar asibiti ta zo gari, ni nake ɗora shi a cinya in rufe masa ido, in riƙe hannunsa har a gama.

Gobe sai dai ya riƙe kujera.